Mai Ƙorafi Lamba Talatin da Ɗaya

A wannan zamani babu sauran talakan da ba a jin muryarsa. Duk mai yatsa ɗaya da ɗan caji a waya ya zama abokin shawarar hukuma. Yana kwance a ɗakinsa zai nuna wa gwamnati inda kwata ta toshe, gwamnati kuma ta yi masa godiya cikin daƙiƙa biyu. Daraktan Sadarwa na hukumar birni ne ya faɗi haka ranar da aka ƙaddamar da manhajar Faɗi A Ji. Aka tafa, aka yanke ƙyalle, aka buga maganar a allunan talla, da hotonsa a gefe yana nuna sama da yatsa.

Wata goma sha ɗaya bayan haka, ranar Talata wajen ƙarfe uku na rana, aka kira caji ofis aka ce an tarar da Tela a shagonsa ba ya numfashi.

Sufeto ya iso tare da Saje. Shekararsa ashirin da shida a aikin, kuma ya daɗe da daina jin komai idan ya ga gawa, in ban da ciwon gwiwa lokacin tsugunawa. Ya tsuguna.

Shagon siriri ne, tsakanin wani mai aski da ba ya buɗewa ranar Talata da wani kanti da ya mutu tun bara. Tela yana kwance tsakanin keken ɗinki da teburin yanka, tef ɗin awo a wuyansa, rauni ɗaya a bayan kunne. Dutsen guga yana ƙasa, an goge shi fes da ƙyalle, abin da babu telan da ke yi wa dutsen gugarsa. Ba a ɗauki waya ba, ba a ɗauki yadi ko ɗaya ba. Takardu kawai aka zazzago daga kanta aka watsar.

"Ɓarawon nan ɗan boko ne, Oga," in ji Saje. "Karatu ya zo yi."

A bango akwai takardar yabo cikin gilashi, mai tambarin hukumar birni. An rubuta da manyan baƙaƙe: Gwarzon Ɗan Ƙasa. Mai ƙorafi lamba 0031. Ƙorafi 214. A ƙasa ga hoton Tela yana karɓarta daga hannun Darakta, kansa a sunkuye kamar wanda aka kama da kayan wani.

Wayar mamacin ta yi ƙara a aljihunsa. Saje ya ciro ya karanta. Faɗi A Ji ce take son sanin ko ya gamsu da yadda aka kula da shi, ya zaɓi tauraro daga ɗaya zuwa biyar. Saje ya tambaya ko ya amsa masa. Sufeto ya ce ya sa wayar a leda.

Matar Tela tana zaune a benci a waje, kwanon abincin da ta kawo masa yana kan cinyarta, ba ta ajiye ba. Ita ta fara ganinsa. Ba ta kuka. Sufeto ya yi mata ta'aziyya, sannan ya tambaye ta abin da ya dami mijinta haka a duniya har ya kai ƙara sau ɗari biyu da sha huɗu.

"Nasa guda ɗaya ne, Yallaɓai. Fitilar titin nan. Har yau ba ta kama ba."

"Sauran fa?"

"Na mutane ne."

Ta yi masa bayani a hankali, kamar mai karanta takardar magani. Manhajar ba ta karɓar ƙorafi sai mutum ya yi rajista da katin shaida da lambar waya. Tsofaffin unguwa ba su da irin wayar. Masu wayar kuma suna da mai gidan haya, suna da oga a wurin aiki, suna da maƙwabci mai dogon hannu. Saboda haka mutum yakan zo ya ce zai gwada kaya, a saki labule, ya faɗi abin da ke cinsa, Tela ya rubuta da lambarsa. Ta haka aka gyara famfon asibitin unguwa, aka ɗauke bolar da ke bayan kasuwa, aka kori wani ma'aikaci mai sayar da layin karɓar takardar haihuwa. Wasu kuma ba a yi komai ba, amma mutum yakan fita da sauƙi a ƙirji.

Daga nan ta sa hannu cikin mayafinta ta fito da wani littafi mai baƙin bango. Ta ce kwana biyar ke nan da ya ba ta ya ce ta ajiye a gida, don akwai mai yawan tambaya. Bai faɗi ko wane ne ba.

Littafin awo ne. Babu suna ko ɗaya a ciki. Kowane layi kafaɗa ce, da hannu, da ƙugu, da tsawo, sannan lambar ƙorafi a gefe da jan biro, domin idan amsa ta zo ya san wanda zai gaya wa.

"Baƙo ba zai gane ba," ta ce. "Amma ɗan unguwa, in ya zauna da littafin nan wuni ɗaya, sai ya fitar da rabinsu. Akwai wanda ya kai ƙarar mai gidansa. Akwai wadda ta kai ƙarar wurin aikinta. Ka yi mini alkawari ba zai shiga kotu ba."

Sufeto ya san abin da ke faruwa da duk abin da aka kira shaida. Lauya ya gani, magatakarda ya gani, mai ɗaukar hoton takardu a bakin kotu ya gani ya kuma ajiye kofi. Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa. Ta dube shi, ta gane ba alkawari ba ne, ta sakar masa littafin duk da haka.

*

Ofishin Darakta yana hawa na huɗu, da sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, sai dai kujerun sun fi laushi. Rabin bango allo ne mai taswirar birni, cike da ɗigo kore. Kore na nufin an warware. Darakta ya ce kashi casa'in da takwas cikin ɗari ne, kuma wasu birane sun turo wakilai su koya.

Ya yi jimamin Tela na kusan minti ɗaya, har ya ce za a sa wa ɗakin taro sunansa. Game da asiri kuwa, ya ce ba ya yiwuwa ya fita. Kamfanin da ya gina manhajar ya kulle sunaye ta yadda shi kansa ba ya iya gani. Wanda aka kai ƙara ana aika masa kofin ƙorafin domin ya kare kansa, adalci ke nan, amma ba ya ganin suna. Lamba kawai yake gani.

"Wace lamba, ranka ya daɗe?"

"Lambar mai ƙorafi."

"Irin wadda ke jikin takardar yabo?"

Darakta ya sha ruwa.

"Kofi nawa aka buga na hoton nan?" in ji Sufeto.

"Wannan sashen hulɗa da jama'a ne ya yi. Ba sashen fasaha ba."

"Wa ke riƙe da sashen hulɗa da jama'a?"

Darakta ya ce yana da wani taro. Daga baya ta bayyana cewa an buga dubu biyu, an manna a jikin kowace katanga, kuma shi ke riƙe da sassan biyu.

A ɗakin ƙasa, inda babu sanyi, akwai Akawu, wata mata mai furfura da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ita ke buga wasiƙun tana aikawa. Ta ce tun ranar da ta ga hoton ta gaya wa na sama, aka ce ta rubuto a manhaja. Ta fito wa Sufeto da ƙorafe-ƙorafen lamba 0031 na makonni biyu na ƙarshe. Guda uku ne. Bututu ya fashe. Karnuka a maƙabarta. Sai na ukun, lamba 1147: bangon wata makarantar kuɗi ya tsage daga ƙasa har rufi, ana kuma ɗora mata hawa na uku, yara arba'in suna zama a gindin tsagar kullum.

An kai wa Mai Makaranta kofinsa kwana takwas da suka wuce. Sakatariyarsa ta sa hannu.

"Me aka yi a kai?"

Akawu ta juya masa allon. Ɗigon kore ne. Mai Makaranta ya turo hoton bangon da sabon fenti, na'ura ta karɓa ta rufe.

A mota Sufeto ya buɗe littafin awo ya nemi 1147. Awon mace ne, ba doguwa ba. A gefe Tela ya ƙara wani ɗan rubutu: hannun hagu, a rage inci biyu.

*

Makarantar tana da ƙofa mai kyau. A saman bene magina suna ɗora bulo, a ƙasa yara suna maimaita jadawalin bakwai. A jikin katangar waje, daidai inda Mai Makaranta ke ajiye motarsa, hoton Tela ne da lambarsa, rana ta fara cinye launin.

Mai Makaranta babban mutum ne mai taushin murya, irin waɗanda ake ba makirufo a taron iyaye su ƙi saki. Ya sa aka kawo lemo. Ya ce bai taɓa ganin wata wasiƙa ba, wataƙila yarinyar ofis ce ta tura hoton fentin, shi takardu sun yi masa yawa. Tela kuwa ya taɓa ɗinka musu yunifom shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Ranar Talata yana taron masu makarantu daga sha biyu har huɗu, rajista tana nan.

Sufeto ya ce yana son ganin bangon. Mai Makaranta ya ce da kansa zai raka shi.

Aji huɗu ne. Fentin sabo ne, tsagar kuma ta riga ta sake buɗe shi kamar leɓe. Amma ba bangon Sufeto ya tsaya kallo ba. An kwashe duk bencinan an cushe su a ɓangaren ƙofa, yara biyar biyar a benci, rabin ɗakin kuma fayau babu kowa.

"Wa ya jera su haka?"

"Ni ce," in ji malamar ajin. "Sun fi ganin allo daga nan."

Daga nan ba a ganin allo sai an karkata wuya. Mai Makaranta ya gabatar da ita. Matar ƙaninsa ce, marigayi, wanda ya rasu a haɗarin mota shekara shida da suka wuce. Ita da 'ya'yanta mata biyu suna ɗakin baya a gidansa, shi ya ba ta aikin, shi ke riƙe da su, ai zumunci ya ce haka. Ya faɗi wannan sau biyu.

Sufeto ya tambaye ta ko ta san Tela. Ta ce a'a. Ta juya ta ɗauki abin goge allo da dama, littafi a hagu. Hannun hagun bai miƙe ba, ya tsaya a lanƙwashe kusa da ciki, kuma hannun rigar ya zauna masa daidai, babu tattara.

Da suka fita Saje ya ce shi ma ya gani. Sufeto ya ce bai ga komai ba, kuma kada ya rubuta abin da bai gani ba. Idan za a iya kama mutumin ba tare da ita ba, haka za a yi.

*

Rajistar taron ta nuna Mai Makaranta ya sa hannu ƙarfe sha biyu. Mutum talatin da ɗaya sun sa hannu ƙarfe sha biyu. Mai shara ya ce da aka raba abinci ƙarfe ɗaya, mutum tara ne a ɗakin, ciki har da shi.

Ranar Alhamis da safe Akawu ta kira. Ta ce ba aikinta ba ne, amma ta zauna ta duba duk abin da ya shigo daga layin su Tela ranar Talata. Akwai wani mutum mai keken guragu da ke sayar da katin waya, wanda ya yi rajista da sunansa don ya ce shi ba shi da abin da za a ƙwace masa. Kullum sai ya turo hoton motar da ta tare masa hanya. Na ranar Talata ya shigo ƙarfe biyu saura minti takwas. Farar mota ce a kan dakalin masu tafiya a ƙasa, daidai ƙofar shagon Tela, lambarta ta fito tar.

"An kula da ƙorafin?"

"An warware, Yallaɓai. Motar ta tafi."

Aka gayyato Mai Makaranta caji ofis. Ya zo da lauya, wani siririn mutum mai agogo biyu, ɗaya a hannu ɗaya a waya, yana duba su bi da bi. Mai Makaranta ya kalli hoton ya ce yanzu ya tuna. Ya biya ta can ne kan maganar sabon yunifom, ya tarar da ƙofa a saye, ya juya. Ya manta ne saboda shekaru. Lauya ya ce ajiye mota a inda bai dace ba laifi ne, kuma a shirye suke su amsa shi. Amma me zai sa mutum ya kashe tela a kan wasiƙar da bai taɓa gani ba? Sakatariya ta ce ta sa wasiƙar a tire, ba ta san wanda ya ɗauka ba, kuma ta faɗi haka idonta yana kan takalmin ogan nata.

Sannan lauya ya ce ya ji ƙishin-ƙishin akwai wani littafi. Idan da gaske marigayin yana rubuta wa mutum ɗari biyu ƙara, to akwai mutum ɗari biyu da aka kai ƙara, kowannensu yana da dalili. Zai nemi kotu ta sa a kawo littafin a bi shi layi layi.

Babban jami'in caji ofis ya kira Sufeto ɗakinsa. Ya ce mutumin yana da mutane, an riga an kira shi sau uku. Ko dai a kawo abin da ya ɗaure shi da wasiƙar kafin gobe da yamma, ko littafin ya shiga fayil, kowa ya ji da kansa. Ya ce shi bai ga abin wahala ba, littafin tela ne.

*

Sufeto ya koma makarantar ranar Juma'a lokacin tara, sa'ad da yara suke fili. Ya tarar da Malama ita kaɗai a aji, tana zaune a ɓangaren ƙofa tana duba littattafai. Bai zauna ba, bencinan sun yi masa ƙanƙanta.

Ya gaya mata komai yadda yake, bai yi ado ba. Ya ce ya san ita ce 1147. Ya ce bai rubuta ba. Ya ce idan babu wanda ya ga wasiƙar a hannun Mai Makaranta, yau da yamma littafin zai bar hannunsa, kuma ita tana ciki, tare da sauran.

Ta gama duba littafin da ke gabanta, ta sa maki, ta rufe.

"In na yi magana, me zai same ni?"

"Doka za ta kare ki."

"Yallaɓai, ni ba yarinya ba ce."

"Ban sani ba," in ji Sufeto. Ya ɗan tsaya. "Na sani. Ke ma kin sani."

Ta ce ta gaya wa Yaya, wato Mai Makaranta, maganar bangon sau uku. Na farko ya yi dariya, na biyu ya ce ita ba injiniya ba ce, na uku ya tambaye ta ko ɗakin baya ya yi mata ƙunci ne. Ranar da ƙasa ta zubo a kan littafin wata yarinya, sai ta ɗauki yadi ta tafi wurin Tela.

Da wasiƙar ta zo, ya tara malamai duka a ofis, ya karɓi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya yana neman manhajar. Bai samu a ta kowa ba. Kwana biyu yana zagaye kamar wanda ya ɓatar da makulli. Rana ta uku ya fito zai shiga mota, ya tsaya a gaban katanga ya daɗe.

Ranar Talata ya dawo gida wajen biyu da rabi, ya cire riga ya jefa mata a kan igiya ya ce a wanke yanzu. Bakin hannun rigar a jiƙe yake, ya riga ya ɗauraye.

"Kin wanke?"

"Na wanke. Ni nake wanke komai a gidan."



"Amma ina duba aljihu kafin in jiƙa," ta ce. "Ya taɓa yi mini faɗa a kan wata takarda."

Ta buɗe rajistar aji, ta zaro wata takarda mai ninki huɗu daga bayan bango. Wasiƙar hukumar birni ce. An zagaye 0031 da biro har takardar ta kusa hujewa. A gefe, da rubutun da ke kan kowace takardar sakamakon yaran makarantar, an rubuta: Tela. A tambaye shi waye.

Sufeto ya ce takardar kaɗai ba za ta tsaya ba, lauya zai ce an tsinta ne a shara. Sai wanda ya ciro ta daga aljihun ya faɗa da bakinsa.

Aka kaɗa ƙararrawa. Ta ce ya bari ta gama darasin lissafi, saura minti arba'in.

*

Ɗakin tambayoyi yana da tebur ɗaya da kujeru huɗu, ɗaya ba ta da baya. Mai Makaranta ya ɗauki mai kyau. Da Malama ta shigo bayan Saje, ya ɗauka abinci aka aiko ta kawo masa, har ya duba hannunta.

Sufeto ya shimfiɗa wasiƙar a tebur ya tambaye shi ko rubutunsa ne. Lauya ya ce kada ya amsa. Sufeto ya tambayi Malama inda ta same ta, ta faɗa, da rana da lokaci da launin rigar. Muryarta irin ta kiran sunaye a aji ce.

Mai Makaranta bai kalli takardar ba. Ita yake kallo.

"Wa ya sa ki?"

"Babu wanda ya sa ni, Yaya. Ni na je wurin Tela. Ni na ce ya rubuta."

A waje wani kofur yana rigima da mai shayi a kan kofi.

"Ke ce," ya ce.

"Ni ce."

"Shekara shida kina cin abincina."

"Haka ne, Yaya."

Lauya ya taɓa masa hannu, ya ture. Ya juya wajen Sufeto, kamar shi ne zai fi fahimta, ya fara magana da muryar taron iyaye. Ya ce shi suna kawai ya je nema. Yana da haƙƙin sanin wanda ke cin amanarsa a cikin gininsa. Ya je sau biyu da lalama. Ranar Talata ya ce wa Tela ko nawa yake so, Tela ya ci gaba da taka keke. Ya ce masa zai sa a rufe shagon, Tela ya ce to. Sannan Tela ya ɗago ya ce shi ba ya riƙe suna, awo yake riƙewa, in Mai Makaranta yana so ya tsaya a gwada shi.

"Dariya yake yi mini. Dutsen yana kan tebur. Sau ɗaya ne." Ya dubi tafin hannunsa. "Da ya faɗa mini, da yanzu yana nan. Korar ta kawai zan yi."

Saje ya rubuta. Lauya ya duba agogonsa na hannu, sannan na waya. Aka karanta wa Mai Makaranta bayaninsa, ya gyara kuskuren rubutu guda biyu, ya sa hannu. Da aka sa masa ankwa ya tambaya ko za a iya fita da shi ta ƙofar baya, akwai iyayen yara a layin. Aka fita da shi ta baya.

Littafin awo bai shiga fayil ba. Sufeto ya mayar wa matar Tela da yammar ranar, ta karɓa ta sa a mayafi.

*

Ranar Litinin injiniyoyi suka zo suka rufe makarantar. Babbansu ya sa yatsa a tsagar, ya ciro, ya ce kowa ya fita a hankali. Ranar Laraba Darakta ya kira 'yan jarida ya sanar da cewa fasaha ta kama mai kisa ta kuma ceci yara arba'in, kuma daga yanzu za a riƙa buga takardun yabo ba tare da lamba ba, shawarar da ya ce shi ya kawo. Rajistar manhajar ta ninka a mako ɗaya. An gyara wasu kwatoci.

Malamai goma sha huɗu suka rasa aiki, kuma sun san wa za su daina gaisarwa. Iyayen 'yan ajin ƙarshe suka ce ai da an bari an gama jarrabawa. Dangin mijin Malama suka zauna a falon Mai Makaranta, aka yi addu'a, aka yi magana a kan zumunci, sannan aka aiko ƙaramin cikinsu ya gaya mata ana bukatar ɗakin baya.

Ranar Asabar da hantsi Sufeto yana wucewa a motar sintiri ya gan ta a tashar bas. Katifa ɗaya a naɗe da igiya, buhu biyu, bokiti cike da tukwane, 'yan mata biyu a zaune a kan buhunan. Ya sa Saje ya tsaya.

Ta gaishe shi. Ta ce wurin wata gwaggonta za su, a ƙarshen gari, akwai rumfa a tsakar gida. Ya tambaya ko akwai aiki a can. Ta ce za a gani. Ya ce su shigo a kai su, akwai wuri a baya.

"A'a, Yallaɓai. An gan ni a motarku sau ɗaya. Gwaggo ma tana da maƙwabta."

Ya ce kotu za ta neme ta ranar sha bakwai. Ta ce ta sani, an ba ta takarda.

Bas ta zo a cike. Kwandasta ya kalli katifar ya ce ba za ta shiga ba, ya buga ƙofa, suka wuce. Sufeto ya ɗan jira, bai san me yake jira ba. Rediyon mota ya kira, an fasa wani kanti a bayan kasuwa. Saje ya sa giya.

Malama ta gyara igiyar katifar, ta ce wa babbar ta matsa wa ƙanwarta cikin inuwa, ta koma bakin titi tana duba ko wata na zuwa.